Bawul ɗin rage ƙarfin ruwa na gangaren unguwarmu: yadda aiki ke tafiya

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Bututun gangare ya sake fashewa daren jiya, a gwiwar da ke bayan islamiyya. Kafin asuba tanki ya kusa ƙarewa, ruwan da injin hasken rana ya wuni yana turawa sama duk ya bi kwata. Kwamitin ruwa ya ce in duba lamarin, tun da ni ke da injin tur, wato na juya ƙarfe, a unguwa.

Ga wanda bai san wurin ba, muna gefen Ngaundere ne, a jikin tudu. Foraj, wato rijiyar burtsatse, yana ƙasa, tanki yana can bisa dutse, bututu ya sauko ya rabu biyu. Reshen sama lafiya lau yake. Na gangare shi ne mai ciwon, kuma shi ke ba masallaci da islamiyya da famfunan jama'a biyu.

Na ɗaura agogon matsi a mararrabar gangare bayan sallar isha, lokacin da ba mai ɗiba. Bar 5.8. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar 1, ke nan tanki ya ɗara wurin da mita 59 ko kusa da haka. Famfon ƙarshe ya fi mararrabar gangarewa da mita 8, can ya kai 6.6. A jikin bututun kuwa bar 6 aka rubuta. Sai a ƙara da bugun da ruwa ke yi idan yaro ya rufe famfo farat ɗaya.

Dabarar kwamiti tun bara ita ce a rufe van ɗin mararraba, wato makullin ruwa na hannu, rabi. Na roƙi shugaban kwamiti ya tsaya ya gani da idonsa. Muka buɗe famfo, allura ta faɗi zuwa 1.5. Ya ce, "To ka gani, ai ya ragu." Na ce, "Alhaji, a rufe famfon mu jira kaɗan." Ko minti guda ba a yi ba allura ta hau ta koma 5.8. Van da aka rufe rabi yawan ruwa yake ragewa, ƙarfinsa kuwa sai in ruwan na gudu. Da zarar ya tsaya, ko ta ramin allura matsin zai ratsa ya cika bututu. Da dare ruwa ke tsayawa, da dare bututu ke fashewa. Abin da muke buƙata shi ne bawul da zai rufe kansa ruf idan matsin ɓangaren ƙasa ya kai yadda aka saita, ya kuma zauna a rufe har gari ya waye.

An taɓa sayo irinsa mai arha shekarun baya. Roba ta mutu a ciki, aka rasa ta canji, yana nan a sito. Ƙaramin tankin karya ƙarfi a tsakiyar hanya zai yi maganin fashewa, amma zai mayar da matsi sifili, alhali masallaci ya fi mararrabar tsayi da mita 12. Na ce a ba ni dama in ƙera wanda kowane ɓangarensa za mu iya sakewa a nan. Jauro, mai unguwarmu, ya sa albarka.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Lissafi da zane.

Abu uku ne ke aikin. Sifirin yana danno tantanin roba daga sama, yana son buɗe hanya. Ruwan da ya riga ya wuce yana tura tantanin daga ƙasa, yana son rufewa. Tsakaninsu akwai mazauni, wato bakin da ruwan sama ke fitowa, da marufin da ke toshe shi. Inda ƙarfin biyu suka yi daidai, nan matsin fita ke tsayawa.

Ina son bar 2.5 a bakin fita: 1.2 za ta tafi wajen hawa masallaci, saura ta ishi famfunan alwala, famfon ƙarshe kuma zai samu 3.3. Daga 5.8 zuwa 2.5 bai kai kashi uku zuwa ɗaya ba, wanda daga nan ne aka saba fargabar kumfar da ke cin ƙarfe, don haka bawul ɗaya ya isa, ba sai an jera biyu ba.

Tantani: inda za a matse shi milimita 70, farantin da ke bayansa 50, wurin da ke aiki kusan 60. Faɗinsa santimita murabba'i 28.3. Bar 1 kusan kilo 1 ne a kan kowace santimita murabba'i, ke nan a 2.5 ruwa zai tura sama da kilo 71. Mazauni na ba shi milimita 18 saboda bututun 26/34 ne, wato mai inci ɗaya.

Bawulolin Turai da ake yi bisa ƙa'idar EN 1567 galibi suna da fistin mai zoben roba wanda ke soke tasirin matsin shiga. Na bar wannan. Su ruwan birni suke fama da shi, mai hawa da sauka. Namu tanki ne, tsakanin cike da wayam mita biyu kacal. Ko da shiga ta canza da bar 1 cur, fita da 0.09 za ta motsa, gwargwadon faɗin mazauni a kan na tantani. Zoben roba kuma shi ne abu na farko da yashi zai ci. Na ɗauki tsohon tsari: ruwa ya shigo ta gefe ya fuskanci ƙasa, marufi na ƙarƙashinsa, wani ƙarfe mai siffar likkafar doki ya zagaye mazaunin ya haɗa marufi da tantani. Ba abin da ke zamewa cikin roba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na aika wa ƙanena kuɗi Duwala. Sandar tagulla mai kauri milimita 90, kilo 8, sefa 52,000. Inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, 8,000. Robar EPDM mai zare a ciki da wadda ba ta da shi, 11,000. Agogon matsi biyu 14,000. Kuɗin jirgin ƙasa 5,000.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kaya sun iso tasha jiya. Ma'ajin kwamiti ya ji farashin tagulla ya ce me ya hana a tara tsofaffin kawunan famfo da makullai a kai wa masu zubi, kwata ɗin kuɗin ma ba za a kashe ba. Maganarsa ta tattali ce, amma ban yarda ba. Tagullar da ake yin kayan famfo da ita ma tana ɗauke da dalma kusan kashi 2 cikin 100, an dai san iyakarta. Tarkacen da aka narka ba wanda ya san abin da ke ciki, ga ramukan iska da zubin yashi ke bari. Wannan ruwa yaran islamiyya za su sha. Na tuna masa abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ya ce a bar maganar.

Talata, 19 ga Nuwamba

An fara juya gangar jiki. Wuta ta ɗauke da azahar.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gangar jiki, murfin ƙasa, likkafa da mazaunin inoks sun kammala. Mazaunin na murɗawa ne, a cire a sa wani. Gwiwar ciki na haɗa ta da azurfar walda marar kadmiyom, 6,000. Hular sama daga bututun ƙarfe na yi ta tun da ruwa ba ya taɓa ta, na huda ƙaramin rami a gefe don iska ta riƙa fita. Ranar da tantani ya yage, ta ramin nan ruwa zai tsiyayo ya sanar da mu.

Sifirin daga kan injin wata tsohuwar babbar mota na samo. Na ɗora masa kilo 20, ya lotsa milimita 3.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na aro famfon gwaji na hannu. Na sa farantin ƙarfe a madadin tantani, na kai gangar jiki bar 10, na bar ta awa guda. Ba ɗigo.

Yarona ya ce, "Maigida, mu fara gwadawa da robar tayar mota mana, kada mu ɓata mai tsada." Na bar shi ya yanka. A bar 2 ta kumbura ta cusa kanta tsakanin faranti da bango, kafin 3 ta tsage a gefe. Roba tana hana ruwa wucewa, amma zaren da ke cikinta shi ke ɗaukar nauyi. Mun sa ta gaske. Na hana a shafa mata giris, domin EPDM da mai ba sa shiri, kumbura take yi ta yi laushi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mun ɗaura a mararraba, van a gaba, van a baya, da hanyar kewaye don ranar gyara. Kayan haɗi 22,000. Na murɗa sukurun sama har agogon fita ya nuna 2.5.

Da aka buɗe famfuna huɗu, shiru, ruwa na tafiya sumul. Da aka rufe uku aka bar ɗaya sai bawul ya kama kaɗawa, ƙarrr, allura na rawa tsakanin 2 da 3, bututu na girgiza har a tafin ƙafa ake ji. Matan da ke layi suka ja da baya da jarkokinsu. Ban bar shi ya yi minti biyu ba na mayar da ruwa ta kewaye. Irin wannan kaɗawa tana iya kashe marufi a mako guda, kuma gwiwar da muke son ceto ita za ta fara tafiya.

Talata, 3 ga Disamba

Na zauna da biro. Famfo ɗaya lita 9 yake ja a minti. Da bambancin matsin da muke da shi, ruwa na ratsa bakin mazauni da gudun sama da mita 25 a daƙiƙa, don haka hanyar da yake buƙata ba ta kai milimita murabba'i 9 ba. A raba wannan a kan kewayen mazauni mai 18, marufi zai ɗaga da kusan 0.16 na milimita. Ko duk unguwa na ɗiba, lita 48 a minti, ɗagawar kusan milimita 1 ce. Bawul ɗin ya yi wa aikin girma. Da ya motsa kaɗan ruwa ya yi yawa, matsi ya hau, ya buga ya rufe, matsi ya faɗi, ya sake buɗewa, haka yake ta yi sau da yawa a daƙiƙa ɗaya.

Mutane da yawa girman bututu suke dubawa su sayi bawul, alhali yawan ruwan da zai bi ta ciki ne ma'auni, musamman mafi ƙaranci.

Gyara uku zan yi. Mazauni ya koma 14. Marufi ya samu hanci mai tsini da zai shiga cikin mazaunin, yadda hanya za ta riƙa buɗewa a hankali, tafiyar ta kai milimita 3.5 kafin ruwa ya cika. Sannan wutsiyar marufi ta shiga rami a murfin ƙasa da 'yar tazara kaɗan, ruwan da ke cikin ramin ya riƙa riƙe ta idan ta so yin gaggawa.

Asabar, 7 ga Disamba

Sababbin sassa sun fito. Hancin ne ya ci lokaci.

Talata, 10 ga Disamba

Kaɗawa ta tafi. Famfo ɗaya, rabin famfo, har ɗigo-ɗigo na gwada, allura ba ta motsi.

Sai dai da la'asar ladan ya aiko cewa famfunan alwala sun koma zirara. Na je na tarar layi a famfunan jama'a biyu, agogon fita na nuna 1.5. A cire 1.2 ta hawa, a cire abin da bututu ke ci, ba abin da ya rage wa masallaci. Na ba Liman haƙuri, ya ce, "Ba komai ɗana, ai ga butoci, ka yi aikinka a natse."

Dalilin a fili yake. Sifirin yakan rasa ƙarfi gwargwadon miƙewarsa. Wannan yana rasa kilo 6.7 a kowace milimita. Da tafiyar milimita 1 ce ba a ji ba, yanzu da hanci ya mai da ita 3.5 sai ya rasa kilo 23, a raba da 28.3, bar 0.8 ta tafi. Maganin kaɗawa shi ya jawo faɗuwar. In na ƙara murɗa sukuru masallaci zai samu, amma da dare ƙasa za ta haura 4. Ko dai a faɗaɗa tantani, wanda ke nufin sabuwar gangar jiki, ko a sa sifirin mai laushi da tsawo. Na biyun ya fi sauƙi.

Asabar, 14 ga Disamba

Taurin sifirin yana bin kaurin waya sau kansa har huɗu: a ƙara kashi 10 cikin 100 a kauri, tauri ya ƙaru da 46. Yana raguwa da faɗin naɗi sau kansa har uku, da kuma yawan zagaye. Na tsaya a waya milimita 5, faɗin naɗi 32 daga tsakiya zuwa tsakiya, zagaye 9 masu aiki. Lissafi ya ba da kilo 2.2 a milimita. Ana buƙatar kilo 66 daga gare shi, domin ruwan shiga da ke danna marufi yana taimakawa da kilo 5, ke nan sai an matse shi milimita 30. Tsawonsa 105, bai kai ninki huɗu na faɗinsa ba, ba zai lanƙwashe gefe ba.

Waya 4,000. A kan tur muka naɗe ta, da mafi ƙarancin gudu, na kori yara daga shago saboda in ta kuɓuce tana iya cire ido. Sandar naɗi na sa ta ɗan fi ƙanƙanta, don waya takan saki bayan an sake ta. Daga nan tanda, wajen digiri 250, kusan awa guda.

Talata, 17 ga Disamba

Sabuwar hula mai tsawo. Na auna sifirin: kilo 20, milimita 9. Ya yi.

Alhamis, 19 ga Disamba

An mayar. Lokacin cunkoso fita 2.1, masallaci na samu sosai.

Asabar, 21 ga Disamba

Wannan ce ta fi damuna. Ƙarfe goma na dare agogon fita na kan 2.6. Na sa ƙararrawa ƙarfe uku, na fita cikin sanyin hunturu da tocila, na tarar da 5.5. Allah ya sa gwiwa ta riƙe. Na buɗe famfo na sauke shi, na rufe van gaba ɗaya har asuba.

Duk abin da aka yi tun Nuwamba saboda wannan sa'a aka yi shi. Bawul da ke aiki da rana ya saki da dare, bai fi van ɗin Alhaji da komai ba. Ɗigo kaɗan ya isa, tun da ruwa ba ya matsuwa, ƙasa kuma a rufe take.

Da safe na kwance. Abu biyu na gani. Akwai ɗan ɓarɓashin bututu, irin wanda zarto ke bari, ya kwanta a bakin mazauni ya yi wa roba zane. Wataƙila tun gyaran fashewar farko yake yawo a layi. Na biyu shi ne leɓen mazaunin kansa, mai faɗin milimita 2, shimfiɗaɗɗe. Ƙarfin da ke rufe bawul ɗan kaɗan ne: in fita ta haura saiti da bar 0.2, kilo 5.7 ke nan. A baza shi a kan leɓe mai faɗin milimita murabba'i 88, ba zai nutsa cikin roba ba, ƙwayar yashi guda ta isa ta tokare shi. In leɓen ya koma 0.6, faɗin ya zama 26, nutsawar ta ninka fiye da uku. Amma kada ya yi kaifi, sai ya yanka robar. Zan zagaye bakin, in goge shi har ya yi sheƙi.

Asabar, 28 ga Disamba

Sabon mazauni, sabuwar robar marufi mai ɗan laushi. Na sa rariya mai ragar inoks kafin bawul, 9,500, na kuma sa an wanke layi ta kewaye kafin a buɗe. Abin da ya fito daga ciki ya kai cikin tafin hannu, yashi da ɓarɓashi.

Na ƙara bawul ɗin tsaro a bayan namu, wanda zai zubar da ruwa in fita ta kai bar 4, sefa 12,000. Ma'aji ya tambaya ko ban amince da aikina ba ne. Na ce wata rana dole wata ƙwaya ta tsallake rariya, gara ruwa ya zuba a kwata a gani da ya tsaga bututu a ƙarƙashin ƙasa. Bakin zubarsa na fito da shi fili ta gefen hanya.

Daren jiya: ƙarfe goma 2.7, ƙarfe uku 2.7, asuba 2.7.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Mako guda cur allura ba ta haura 2.7 da dare ba, ba ta sauka ƙasa da 2.1 da rana ba, har da jiya Juma'a. Ba fashewa. Tanki na kwana da ruwa, famfunan ƙasa sun daina fesa wa mutane a jiki.

Na miƙa wa kwamiti lissafi: jimla sefa 143,500, ban da aikin hannu. A ciki 57,500 na agogo, rariya, kayan haɗi da bawul ɗin tsaro ne, waɗanda ko na kanti aka saya sai an sa su. Bawul ɗin kansa 86,000, kusan daidai da farashin mai kyau da aka gaya wa ƙanena a Duwala. Ba a yi arha ba, na faɗa musu haka. Abin da aka samu shi ne mazauni da marufi da tantani da sifirin duk akwai awonsu a takarda, kuma robar da ta rage za ta fitar da tantani da dama. Na yanka biyu, na juya mazauni ɗaya, na ba ma'aji ya ajiye.

Abin da ya rage: a gina masa akwatin bulo da murfi mai kwaɗo, don hannu ya daina kaiwa ga sukurun sama. Mai kula da famfo zai riƙa wanke rariya duk Asabar, ya rubuta abin da agogo ya nuna da asuba kafin a fara ɗiba. A Afrilu, kafin ruwan sama ya kankama, zan kwance in duba ko gudun ruwa ya fara cin hancin marufi da yadda leɓe ya zauna a roba.

Mutanen wani ƙauye a hanyar Garwa sun zo kallo, nasu tankin ya fi namu tsayi, sun ce agogonsu na nuna bar 9. Wannan sai bawul biyu a jere, 9 zuwa 5, sannan 5 zuwa 2.5. Na ce su auno mini yawan ruwan da famfo ɗaya ke ja da wanda duka ke ja lokacin cunkoso, da tsayin famfon da ya fi kowanne nisa sama, kafin in taɓa biro.